Gyambon baki da ƙurajen leɓe: wane magani ya cancanci a saya?

Wanda gyambon baki ya hana shi cin miya mai yaji, ko ya wayi gari ƙuraje sun feso masa a leɓe bayan zazzaɓi, idan ya shiga kyamis yakan tarar da magunguna iri-iri waɗanda duk za a ce masa na ciwon baki ne. Akwai ruwan kurkura, akwai man shafawa a ɗan bututu, akwai ƙwayoyi, sannan ga shawarwarin gida, tun daga ruwan gishiri har zuwa zuma da bagaruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ake haɗawa a kira ciwon baki cututtuka biyu ne waɗanda asalinsu bai haɗu ba, kuma maganin da yake sauƙaƙa ɗaya yana iya tsananta ɗayan. Saboda haka kafin a zo maganar farashi, tilas a fara tantance wanne ne a bakin.

Wurin da ciwon ya fito shi ne alama ta farko

Gyambon baki a ciki yake fitowa, a fatar nan mai laushi ta cikin leɓe, ko cikin kunci, ko gefen harshe da ƙarƙashinsa. Kewayayye ne, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja, kuma yana da zafin da ya fi girmansa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙaraminsa, wanda faɗinsa bai kai santimita 1 ba, yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da tabo ba, amma babba yana iya kai mako shida, har ya bar tabo. Cizon kunci, da karyayyen haƙori mai kaifi, da burushi mai tauri, da damuwa ko rashin barci, da zuwan al'ada ga wasu mata, duk suna tayar da shi. Idan yana yawan dawowa, akan duba ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da bitamin B12, da folik asid.

Ƙurajen leɓe kuwa a waje suke fitowa, galibi a daidai inda jan leɓe ya haɗu da fata, wani lokaci a ƙarƙashin hanci. Ƙwayar bairos da ake kira herpes simplex, nau'i na ɗaya, ita ce take kawo su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita, yawancinsu tun suna yara. Da zarar ta shiga jiki ba ta fita. Takan koma ta kwanta a cikin jijiyar fuska, sai zazzaɓin cizon sauro, ko mura, ko zafin rana, ko tsagewar leɓe a lokacin hunturu ya tashe ta. Mai ita yakan fara jin ƙaiƙayi ko tsikari a wurin, bayan wasu sa'o'i ko kwana guda ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri ɗaya, su fashe, su yi ɓamɓaroki, su warke cikin kimanin kwana goma. Ruwan ƙurajen yana ɗauke da ƙwayar cutar, don haka sumba, da shan ruwa da kofi ɗaya, da cin abinci da cokali ɗaya suna yaɗa ta.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Abubuwa biyar ne za a auna kowane magani da su: ciwon da yake yi wa aiki, da tsadarsa, da tsawon lokacin da amfaninsa yake ɗauka, da sauƙin amfani da shi, da haɗarin da ke tattare da shi. Game da tsada, an kwatanta magungunan da junansu ne, domin farashin magani yana hawa da sauka tare da canjin kuɗi. An kuma rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali don a iya nuna wa mai kyamis. Ya kamata mai saye ya san tun farko cewa babu ɗaya daga cikinsu da yake raba mutum da ɗayan cututtukan nan har abada. Abin da kuɗinsa zai saya masa shi ne sauƙin zafi, ko ragin kwana ɗaya ko biyu daga kwanakin jinya.

Ruwan gishiri, zuma da sauran na gida

Ana zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a kurkure baki a tofar, sau uku ko huɗu a rana. Kusan kyauta ne, yana tsaftace gyambon, kuma haɗarinsa bai wuce ɗan raɗaɗi ba. Amfaninsa gajere ne, ba ya kuma yi wa ƙurajen leɓe komai. Ga ƙaramin gyambo guda ɗaya a bakin mai lafiya, sau da yawa shi da farasitamol sun wadatar, musamman idan an haƙura da yaji, da tsami, da abinci mai zafi na 'yan kwanaki.

Zuma ta fi yadda wasu ma'aikatan lafiya suke ɗaukarta amfani. Tana rufe gyambo ta rage masa zafi na ɗan lokaci, ko da yake miyau yakan wanke ta da wuri. A kan ƙurajen leɓe ma, wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Niyu Zilan, aka wallafa a 2019, ya kwatanta wata tatacciyar zuma ta likitanci da man aciclovir, wato man shafawa na ƙurajen leɓe da ake sayarwa a kyamis, bai kuma sami wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba wajen saurin warkewa. A nawa ganin wannan sakamako ya fi nuna ƙarancin tasirin man fiye da ƙarfin zumar, kuma zumar da aka gwada ba irin ta bakin hanya ba ce da ake sirkawa da sukari. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda haɗarin wata guba ta bakteriya mai shanye jijiyoyi.

Jiƙon bagaruwa yana ɗaure fatar baki saboda baurinsa, kanumfari kuma yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma tsantsar man kanumfari yana ƙona fatar. Abin da ya wajaba a guje wa shi ne ɗora kanwa, ko gishiri tsura, ko ƙwayar asfirin a kan gyambo, domin ƙuna ce za ta ƙaru a kan ciwo, wurin ya yi fari ya faɗaɗa. Ga ƙurajen leɓe, basilin ko man kaɗanya mai tsabta yana hana ɓamɓarokin tsagewa ya yi jini, muddin an lakuto shi da auduga, ba da yatsan da zai koma cikin kwalbar da dukan gida suke shafawa ba.

Ruwan kurkura mai chlorhexidine

Wannan shi ne irin su Corsodyl. Ana kurkurawa da mililita 10 na tsawon minti ɗaya, safe da dare, a tofar. Yana kashe bakteriyar da ke hawa kan gyambo, ya rage masa tsanani, kuma ya fi amfani a lokacin da zafi ya hana mutum goge haƙora sosai. Tsadarsa matsakaiciya ce, kwalba ɗaya tana wuce jinya guda, aikinsa kuma yana daɗewa sa'o'i a baki, abin da ya fifita shi a kan ruwan gishiri. Mai azumi zai ji daɗin tsarinsa, tunda sau biyu ne kawai, bayan sahur da bayan buɗa baki. Aibinsa shi ne yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa idan an daɗe ana amfani da shi, musamman ga mai yawan shan shayi, yana kuma sauya ɗanɗano. A bar tazarar rabin sa'a tsakaninsa da man goge baki, domin man yana rage masa ƙarfi. Ba ya hana gyambo dawowa, ba kuma maganin ƙurajen leɓe ba ne.

Mayukan kashe zafi

Waɗannan su ne masu ɗauke da lidocaine, ko benzocaine, ko choline salicylate kamar Bonjela na manya. Ba warkarwa suke yi ba, suna kashe zafin wurin ne har mutum ya samu ya ci abinci, don haka hikimar ita ce a shafa 'yan mintoci kafin cin abinci. Aikinsu ba ya daɗewa, kuma akwai iyakar yawan shafawa da aka rubuta a takardar cikin kwali. Haɗarinsu a kan yara yake, a nan ne kuma iyaye suka fi faɗawa kuskure, domin kukan yaro yakan sa a ɗauko na babba a shafa masa. Tun 2009 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta hana amfani da masu choline salicylate ga wanda bai kai shekara 16 ba, saboda dangin asfirin ne, a 2018 kuma hukumar Amurka ta yi gargaɗi a daina sa wa yaran da ba su kai shekara biyu ba benzocaine, domin yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi.

Man sitiroyid na cikin baki

Ga gyambo mai tsanani ko mai yawan dawowa, wannan ne ya fi sauran aiki, domin kumburin da ke haddasa ciwon yake kwantarwa. Wanda aka fi sani shi ne triamcinolone mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, kamar Kenalog in Orabase, wanda aka yi shi da danƙo don ya manne a jiƙaƙƙen wuri. Yadda ake sa shi yana da muhimmanci: a tsane gyambon da auduga mai tsabta, a ɗora ɗan kaɗan a danna a hankali har ya lulluɓe wurin, kada a murza, domin idan an murza sai ya dunƙule ya zama gari-gari ya faɗi. Bayan cin abinci da lokacin kwanciya barci ne ya fi zama. Ya fi ruwan kurkura tsada, ba kowane kyamis ne yake da shi ba, amma ɗan bututu ɗaya yana yin jinya da dama.

A nan ne kuskuren tantancewa yake da tsada. Sitiroyid yana rage garkuwar wurin da aka shafa, saboda haka idan aka sa shi shi kaɗai a kan ƙurajen herpes, ko a kan farin dattin nan na fangas da yake lulluɓe harshe, ciwon yana iya bazuwa. Haka nan mayukan fata masu haɗin magani uku, waɗanda ake saya don ƙaiƙayi da ƙuraje, yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, bai kamata su kusanci leɓe ko cikin baki ba. Idan an yi mako guda ana shafawa babu sauƙi, a dakata a ga likitan haƙori.

Man aciclovir da ƙwayoyin kashe bairos

Man aciclovir mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, wanda Zovirax ne sanannen sunansa, na ƙurajen leɓe ne kawai. Ba a sa shi a cikin baki ko ido, ba ya kuma yi wa gyambon baki komai. Ana shafawa sau biyar a rana, kusan duk bayan sa'a huɗu, har kwana biyar. Amfaninsa ya dogara da lokacin da aka fara: a fara tun ana jin tsikari, kafin ƙurajen su fito. Ko da an yi hakan, abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne ragin kimanin rabin yini a kan matsakaicin lissafi, wanda ya fara bayan sun fashe kuwa da wuya ya ga bambanci. Wannan ya sa wanda suke yawan fito masa ne ya dace ya ajiye shi a gida, maimakon ya tafi nema bayan aikin gama ya gama. Man aciclovir da ba na babban kamfani ba, ya fi araha nesa, aikinsu kuma ɗaya ne idan yana da lambar rajistar NAFDAC kuma kwanan watansa bai wuce ba.

Ƙwayoyin sha sun fi man ƙarfi, sukan rage kimanin kwana ɗaya, wani lokaci su hana ƙurajen fitowa gaba ɗaya idan an sha da wuri. Valaciclovir ya fi sauƙin sha, domin ga babba giram 2 ne sau biyu a yini guda, da tazarar sa'a 12, shi ke nan. Amma shi ne mafi tsada a wannan jeri. Ƙwayar aciclovir ta fi araha, sai dai shanta sau da yawa ne a rana har kwana biyar. Dukansu ta ƙoda suke fita, saboda haka ana son yawan shan ruwa, kuma mai ciwon ƙoda, da tsoho, da mai juna biyu, likita ne zai tsara musu. Wanda ƙurajen suke dawo masa sau shida ko fiye a shekara, likita yana iya ɗora shi a kan ƙaramin awo na kullum na wasu watanni, wannan ne kaɗai a cikin magungunan nan yake rage yawan dawowarsu.

Kafso, GV da bitamin

Fasa kafson kashe bakteriya a barbaɗa garinsa a kan ciwo al'ada ce da ta yaɗu, amma ƙurajen leɓe bairos ne, kafso ba ya taɓa shi. Gaskiya ne likitocin haƙori sukan ba wasu manya ruwan kurkura na dangin tetracycline saboda gyambo mai naci, sai dai da awo ake yi, ba a kuma ba yara ƙanana ko mai juna biyu, domin yana ɓata launin haƙoran da suke tasowa. Shuɗin maganin nan GV yana da araha, an kuma daɗe ana amfani da wanda aka sirka sosai a bakin yara masu ƙyanda, amma mai ƙarfinsa yana cinye fatar baki, yana kuma rufe kamannin ciwon har ma'aikacin lafiya ya kasa gane abin da yake dubawa. Bitamin C da B da ake haɗa wa kusan duk mai ciwon baki ba su da wani babban haɗari idan ba a wuce awo ba, amfaninsu dai ya fi yawa ga mai ƙarancinsu ne, kuma gwajin jini ne yake nuna hakan.

| Magani | Ciwon da yake yi wa aiki | Tsada | Daɗewar amfani | Sauƙin amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ruwan gishiri | Gyambo | Kusan kyauta | Gajere | Mai sauƙi | Ɗan raɗaɗi |
| Zuma | Duka biyu | Kaɗan | Gajere | Mai sauƙi | Ba a ba jariri |
| Chlorhexidine | Gyambo | Matsakaici | Sa'o'i | Sau 2 a rana | Rina haƙora |
| Man kashe zafi | Gyambo | Matsakaici | Gajere | Kafin cin abinci | Haɗari ga yara |
| Man sitiroyid | Gyambo | Sama da matsakaici | Yana rage kwanaki | Yana son kulawa | Yana tsananta herpes da fangas |
| Man aciclovir | Ƙurajen leɓe | Matsakaici | Ragin rabin yini | Sau 5 a rana | Bushewar fata |
| Ƙwayar kashe bairos | Ƙurajen leɓe | Aciclovir da sauƙi, valaciclovir da tsada | Ragin kimanin kwana 1 | Sai da likita | Ƙoda |

Wanne ya dace da wa

Babban da ƙaramin gyambo ɗaya ya fito masa bayan ya ciji kunci, ruwan gishiri da farasitamol sun ishe shi, ya ƙara da man kashe zafi idan cin abinci ya gagara. Idan gyambon ya kai biyu ko uku har goge baki ya zama wahala, chlorhexidine ne ya fi dacewa da kuɗinsa. Wanda yake fama da shi kusan kowane wata, man sitiroyid ne nasa, amma kada ya tsaya nan: a duba masa haƙorin da yake gogar wurin, a gwada jininsa, ya kuma jarraba man goge baki maras sinadarin kumfa da ake rubutawa SLS, domin wasu sukan sami sauƙi da hakan. Yawan dawowar manyan gyambuna tare da rama, ko zawo mai naci, ko irin ciwon a al'aura, ko jan ido, dalili ne na cikakken bincike, har da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.

Wanda ƙurajen leɓe suke fito masa sau ɗaya ko biyu a shekara bayan zazzaɓi, kuma sai sun riga sun fashe yake lura, bai kamata ya ɓata kuɗinsa ba. Basilin, da wanke hannu, da ware kofinsa da tawul ɗinsa sun fi masa amfani, sannan ya nemi maganin zazzaɓin da ya tayar da su. Wanda ya san tsikarinsu tun kafin su fito, ya ajiye man aciclovir. Wanda suke yi masa yawa, ko yake da wani muhimmin taro a gaba kamar ɗaurin aure, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, ya nemi likita ya rubuta masa ƙwayar sha ya ajiye. Idan rana ce take tayar masa da su, man leɓe mai kare hasken rana da hula mai faɗi suna rage fitowarsu.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi a kan kantar kyamis. Duk gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman mai taurin gefe ko maras zafi, a bakin mai shan sigari ko mai sa taba a baki ko mashayin giya, sai likita ya duba shi saboda sankarar baki. Ƙurajen da suka kusanci ido, ko suka bazu a jikin mai cutar fata ta ekzima, na gaggawa ne. Jariri sabon haihuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin bairos ɗin da yake zama ɗan ƙurji a leɓen babba yana iya kama ƙwaƙwalwarsa. A ranar suna, lokacin da ake miƙa shi daga hannu zuwa hannu, mai ƙurji a leɓe kada ya sumbace shi, ko da kakarsa ce, kuma idan jaririn ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a ranar. Yaron da bakinsa ya cika da ciwo tare da zazzaɓi har ya ƙi shan ruwa, shi ma asibiti ne nasa. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida kuwa mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, idan dasashinsa ya yi gyambo yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura, ana tsoron cutar noma ce, wadda take cinye naman fuska cikin 'yan kwanaki, alhali maganin kashe bakteriya da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita idan an fara da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023 bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, amma asibitin da ya fi kusa shi ne za a fara kai yaron, ba tare da jiran gobe ba.